Kundin aikin haɗa ma'ajiyar waya da Debian ɗin da na girka a cikinta

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Tun da kwamfutata ta daina kamawa a ƙarshen shekarar da ta wuce, aikin makarantarmu da ke hannuna ya tsaya cik, wato mayar da takardun darasi da malamai suke turo mini zuwa PDF, da rage nauyin sautukan karatu domin su shiga katin memori na ɗalibai da iyayensu. Kuɗin wata kwamfutar ba ya kusa, saboda haka na yanke shawarar girka Debian, wani nau'in tsarin aikin kwamfuta na Linux, a cikin wayata, mai Android 13 da ma'ajiya gigabait 128, in riƙa yin aikin daga nan. Burina shi ne komai ya daidaita kafin azumi ya kama a watan Maris, lokacin da sautukan tafsiri suke yawaita.

Na sauke Termux, manhajar da ke ba da damar buga umarnin Linux a waya, daga rumbun manhajoji na F-Droid, domin wadda na tarar a Play Store a lokacin an daina sabunta ta tun 2020. Daga nan na girka proot-distro, wadda take girka nau'o'in Linux a cikin Termux, na ba da umarnin `proot-distro install debian`, aka sauko mini da Debian 12. Wannan hanyar ba ta buƙatar a fasa tsaron wayar, domin proot yana tare kiraye-kirayen da manhajoji suke yi wa tsarin aiki ne, ya sauya musu hanya, har su ɗauka suna zaune a cikin cikakken Linux. Dalilin da ya sa ban tsaya a Termux kaɗai ba shi ne LibreOffice, wadda da ita nake mayar da takardu. Data ta ci mini naira 1,200 a yau.

Lahadi, 7 ga Janairu

Yau na fara fuskantar ainihin abin da ya sa na buɗe wannan kundi. Fayilolin da nake aiki a kansu suna ma'ajiyar waya, inda WhatsApp da manhajar naɗar murya suke ajiye su, shi kuwa Debian yana zaune a can cikin ɗakin Termux, ƙarƙashin `/data/data/com.termux`, wurin da sauran manhajojin waya ba su da izinin shiga kai tsaye. Idan ɓangarorin biyu ba su ga juna ba, girkawar jiya ba ta da amfani.

Da na shiga Debian na leƙa `/sdcard`, sai aka ce ba ni da izini. Na fita na koma Termux na ba da umarnin `termux-setup-storage`, wayar ta tambaye ni ko na yarda manhajar ta shiga fayilolina, na amsa mata. Nan take aka samar da folda mai suna `storage` a gidan Termux, a cikinta akwai hanyoyi zuwa `shared` da `downloads` da `dcim` da sauransu. Da na sake shiga Debian, `/sdcard` ta buɗe, na ga hotunan yarana da takardun makaranta a jere. Na fahimci cewa proot-distro da kansa yake haɗa wannan wurin, sai fa idan mutum ya shiga da zaɓin `--isolated`. Sunan `/sdcard` ya ɗan ruɗe ni da farko, domin ba katin memori yake nufi ba, ma'ajiyar cikin waya ce wadda cikakken adireshinta shi ne `/storage/emulated/0`.

Talata, 9 ga Janairu

Na girka LibreOffice Writer da ffmpeg mai sauya tsarin sauti da rsync mai kwafar fayiloli da dare. Na mayar da takarda ɗaya zuwa PDF, ta fito daidai, ta kuma buɗe a wayar.

Alhamis, 11 ga Janairu

Na ɓata kusan awa guda ina neman fayilolin WhatsApp a tsohon wurinsu ban same su ba. Yanzu suna `Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media`, takardu a foldarsu, saƙonnin murya kuma a wata foldar da aka rarraba mako-mako, kowane da suna mai farawa da PTT da kwanan wata, a tsarin sauti na opus. Wannan wurin yana buɗuwa daga Debian ba matsala. Amma `Android/data`, inda wasu manhajoji suke ɓoye kayansu, a rufe take tun daga Android 11, kuma manhajar naɗar muryar da wani malaminmu ya ba ni shawarar amfani da ita can take ajiya. Na shiga saitinta na mayar da wurin ajiyar zuwa wata folda a fili.

Domin in huta da buga dogon adireshi a madannan waya, na sa ana haɗa foldar WhatsApp da gajeren suna a lokacin shiga, ta hanyar zaɓin `--bind`, ta koma `/mnt/wasap`. Sanyin hunturu ya tsananta a makon nan, yatsuna sun bushe har gilashin wayar ba ya jin taɓawata sosai da asuba, saboda haka duk harafin da na rage riba ce.

Asabar, 13 ga Janairu

Na yi kuskuren da ya cinye mini yini guda. Ganin cewa `/sdcard` tana buɗuwa daga ɓangarorin biyu, sai na kwashe aikina gaba ɗaya na mayar can, har da ƙananan rubutattun umarnin da na tsara domin su riƙa mayar da fayiloli da yawa a lokaci ɗaya. Tunanina shi ne wuri ɗaya ya wadatar, ba sai ina kwafa daga nan zuwa can ba.

Da na zo tayar da rubutaccen umarnin farko, aka ce ba ni da izini. Na ba shi izinin aiki da `chmod +x`, umarnin ya wuce shiru kamar ya yi, amma da na duba, babu abin da ya sauya. Na gwada yin mahaɗar gajeren zango da `ln -s`, aka ƙi. Na sa a kwafo folda da `rsync -a`, ya cika mini allo da ƙorafi. Sai da na zauna na yi karatu a kan lamarin na gane cewa ma'ajiyar da waya take nuna wa manhajoji ba ma'ajiyar Linux ba ce ta gaskiya. A ƙasa akwai tsarin fayil na Linux, amma Android ta shimfiɗa wani mayafi a kansa, wanda tun daga Android 11 ake tafiyar da shi ta wani tsari mai suna FUSE, kuma mayafin yana kwaikwayon halin tsohon katin memori ne: babu izinin tayar da manhaja, babu mahaɗa, babu mallakar fayil irin wadda Linux ya sani. Abin da Debian yake nema a wurin babu shi, kuma ba wani saiti da zan murɗa ya samu.

Na mayar da rubutattun umarnin cikin gidan Debian. A waya kuma na buɗe folda mai suna `Makaranta`, a cikinta folda biyu kawai, `shiga` da `fita`. Duk abin da zan yi aiki a kansa zan ajiye shi a `shiga`, Debian ya ɗauka ya kai gidansa, ya gama aiki a can, sannan ya ajiye sakamako a `fita`. Na kuma sauya `rsync -a` zuwa `rsync -rt`, wanda ba ya ƙoƙarin ɗaukar izini da mallaka, sai fayiloli da lokutansu.

Laraba, 17 ga Janairu

Tsarin `shiga` da `fita` yana tafiya. Takardu goma sha ɗaya na mayar a makon nan.

Asabar, 20 ga Janairu

Yau harshenmu ne ya kawo cikas, kuma abin ya ja hankalina fiye da duk matsalolin baya. Malamanmu suna sa wa fayiloli suna da Hausa, yadda ya kamata, irin su “Ƙa'idojin rubutu” da “Ɗabi'un ɗalibi” da “'Yan aji uku”. A wayar sunayen suna fitowa lafiya, amma a Debian duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai in ga wasu lambobi ko alamar tambaya. Sunayen ba su lalace ba, Debian ɗin ne ba a gaya masa ya karanta su da UTF-8, tsarin da ya san haruffan harsuna daban-daban, ba. Na girka kunshin saitin harsuna, `locales`, kuma na yi farin cikin ganin `ha_NG`, wato Hausar Najeriya, a cikin jerin da aka ba ni in zaɓa. Bayan na saita shi na fita na sake shiga, haruffa masu lanƙwasa suka fito sarai.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Alamar da muke sa wa a “'yan” da “'ya'ya” da “ma'ana” ita ce kuma alamar da harshen umarni na Linux yake buɗe zance da rufe shi da ita. Rubutaccen umarnina yana miƙa sunayen fayiloli ga `xargs`, umarnin da ke rarraba su zuwa ga wani umarnin, shi kuwa da ya ci karo da “'Yan aji uku” sai ya ɗauka an buɗe zance ba a rufe ba, ya tsaya da ƙorafi, fayilolin da ke bayansa ba a taɓa su ba. Ga kuma sarari a tsakanin kalmomi, wanda yake sa a ɗauki suna ɗaya a matsayin fayiloli uku. Na ɗan yi tunanin roƙon malamai su daina sa alamar, amma ban ga dalilin da zai sa su gurgunta rubutun Hausa domin gazawar umarnin da ni na rubuta ba. Na gyara shi da `find -print0` da `xargs -0`, na kuma kewaye kowane suna da alamar zance mai biyu. A wurin gwaji na lura da cewa madannan wayoyi ba alama ɗaya suke bugawa ba, wasu miƙaƙƙiya, wasu lanƙwasasshiya, kuma a idon na'ura waɗannan haruffa biyu ne daban, saboda haka neman fayil da suna yana iya kasa samunsa alhali yana nan. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke rubuta ƴ sun tsira daga rabin wannan wahalar.

Litinin, 22 ga Janairu

Na so in riƙa liƙa lokaci a sunan kowane fayil da ya fita, kamar 14:30, amma ma'ajiyar waya ta ƙi karɓar suna mai ɗigo biyu. Haka take ƙin alamar tambaya da tauraro. Na koma rubuta 1430.

Juma'a, 26 ga Janairu

Wannan ita ce rana mafi muni tun da na fara. Na shirya takardar gwajin aji biyu iri biyu a cikin Debian, ta tambayoyi zalla na sa mata `Gwaji.pdf`, mai ɗauke da amsoshi domin malamai kuma na sa mata `gwaji.pdf`. A gidan Debian fayiloli biyu ne, domin Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami. Da aka kwafe su zuwa `fita`, ma'ajiyar waya ba ta san wannan bambancin ba, ta ɗauke su suna ɗaya, na biyu ya hau kan na farko ba tare da wani gargaɗi ba. Ni kuma da na buɗe WhatsApp na ga fayil guda, ban tsaya dubawa ba na tura wa mataimakin shugaban makaranta domin a kai wurin bugawa.

Bayan sallar Juma'a ya kira ni ya ce, “Malam, wannan takardar da ka turo ai da amsoshinta a jiki, ko haka kake so a raba wa yaran?” Na ce, “Allah Ya huci zuciyar Malam, kuskure ne daga wurina, a dakata da bugawa.” Allah Ya sa ya buɗe ta kafin ya miƙa, da an buga kwafi sittin an yi asarar takarda da kuɗi, gwajin kuma ya lalace. Laifin nawa ne ta fuska biyu: na sa sunayen da ba su bambanta ba sai a girman harafi, kuma na tura abin da ban buɗe ba. Na ƙara wani ɗan bincike a rubutaccen umarnina, wanda kafin kwafi yake mayar da dukkan sunaye ƙananan baƙaƙe a ƙwaƙwalwarsa, idan ya ga biyu sun zo ɗaya ya tsaya ya faɗa mini. Takardun amsa kuma daga yau kalmar AMSA ce farkon sunansu, kuma foldarsu daban.

Talata, 30 ga Janairu

Na sayi ƙaramin kibod mai waya da mahaɗin OTG, duka naira 6,500. Aiki ya ƙara sauri sosai.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na fara aikin sauti. Na kwafo foldar saƙonnin murya na karatun Asabar da Lahadi, na mayar da su MP3 da ffmpeg, domin yawancin ƙananan rediyoyin da iyaye suke sa wa katin memori ba sa karanta opus. Fayilolin sun sauka a `fita`, ina ganinsu a manhajar fayiloli, amma manhajar sauraron sauti ta ce babu komai. Na sake kunna wayar, shiru. Sai da na duba da `ls -a` na ga wani ɓoyayyen fayil mai suna `.nomedia`, wanda WhatsApp take ajiyewa a foldar saƙonnin murya domin kada su cika wa mutum jerin waƙoƙinsa, ashe ya biyo kwafin har cikin foldata. Duk foldar da yake ciki, Android ba ta nuna sautukanta da hotunanta ga irin waɗannan manhajoji. Na goge shi, na kuma gaya wa rsync ya riƙa tsallake shi, bayan ɗan lokaci karatun ya bayyana.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Na bar wayar tana mayar da sautuka arba'in na tafi aji. Da na dawo na tarar an kashe Termux, da saƙon sigina ta 9 a ƙasan allo. Tun daga Android 12 akwai wani mai sa ido da yake kashe ayyukan da manhajoji suke tayarwa a bayan fage idan sun haura 32 a wayar gaba ɗaya, ko kuma suna cin ƙarfin na'ura da yawa alhali manhajar ba ta kan allo. Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ya bari: ffmpeg yana rubutawa kai tsaye a `fita`, saboda haka akwai fayil guda da ya tsaya a rabi, da cikakken sunansa, wanda ba abin da zai nuna wa mai turawa cewa karatun ya yanke a tsakiyar aya.

Na yi gyara biyu. Na farko, ffmpeg zai riƙa rubutawa a cikin gidan Debian, sai fayil ya kammala sannan a kai shi `fita`. Wannan ya ma fi sauri, domin rubutu ta cikin mayafin FUSE yana da nauyi. Na biyu, na kunna gyaran kuskure ta Wi-Fi a saitin masu ƙera manhaja, na raba allo biyu domin in ga lambar haɗawa ina buga ta a Termux, na haɗa adb, kayan aikin ba Android umarni, da wayar kanta, na kashe saitin `settings_enable_monitor_phantom_procs`. Na kuma cire Termux daga jerin manhajojin da ake taƙaita wa batir, ina kunna `termux-wake-lock`, mai hana wayar yin barci, kafin dogon aiki.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Sautuka arba'in sun kammala ba yankewa. Wayar ta yi zafi, na cire mata riga na ajiye ta a kan siminti.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na fara tunanin ajiyar kariya, domin na gane cewa duk wanda ya goge Termux, ko ya share bayananta a saiti, ya goge Debian da duk abin da ke gidansa a lokaci ɗaya, kuma yarana suna ɗaukar wayar. Na sayi katin memori da aka rubuta wa gigabait 64 a kan naira 5,000 a wurin wani mai tebur a bakin kasuwa. Sai da na sake ba da umarnin `termux-setup-storage` sannan hanyar `external-1` ta bayyana. A wayata Termux tana karanta katin ko'ina, amma ba ta iya rubutu sai a foldarta da ke `Android/data/com.termux/files` a kan katin.

Arahar katin ta sa ni shakka, saboda haka kafin in ɗora masa amana na gwada shi da f3, wadda take cika kati da fayiloli ta hanyar `f3write`, sannan ta karanta su da `f3read` ta ga ko abin da aka rubuta shi ne ya dawo. Gwajin ya kwana yana tafiya. Da safe sakamako ya nuna cewa abin da bai kai gigabait 8 ba ne kawai ya dawo lafiya, sauran duk ya lalace. Irin wannan katin yana karɓar fayil ya nuna sunansa da girmansa, sai ranar da aka buɗe a tarar babu komai. Na mayar wa mai teburin na nuna masa allon, ya ce, “Wallahi Malam, haka aka kawo mana su a kwali.” Ban yi jayayya da shi ba, ya karɓa ya ba ni mai gigabait 32 na cika naira 1,500. Shi ma na gwada shi, ya fito cikakke.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Sabon katin yana amfani da tsarin fayil na FAT32 ne, kuma hakan ya zo da sharuɗɗansa biyu. Fayil guda ba ya kai gigabait 4 a kansa, saboda haka tarin sautukan zangon karatu ba zai shiga a dunƙule ɗaya ba, sai na rarraba shi wata-wata. Sannan FAT32 yana ajiye lokacin fayil ne da tazarar daƙiƙa biyu, abin da ya sa rsync yake ganin kamar wasu fayiloli sun sauya, yana sake kwafe su kullum. Zaɓin `--modify-window=1` ya magance wannan.

Akwai kuma abin da na kusa mantawa: foldar Termux da ke kan katin ita ma Android tana share ta idan an goge manhajar, saboda haka ajiya a can ba ta kare ni daga abin da nake tsoro ba. Yanzu ina yin `proot-distro backup debian`, wanda yake dunƙule Debian gaba ɗaya a fayil guda, in sa dunƙulen ya sauka a ma'ajiyar waya, sannan in ɗauke shi da hannu ta manhajar fayiloli in kai shi wata folda a tushen katin, inda ba ruwansa da Termux.

Asabar, 2 ga Maris

Na gwada dawo da ajiyar a wayar ƙanena, bayan na girka masa Termux da proot-distro. Debian ya tashi da LibreOffice da saitin `ha_NG` da rubutattun umarnina, sai dai na sake ba da izinin ma'ajiya na kuma buɗe `shiga` da `fita` da hannu, domin su a ɓangaren waya suke, ba sa cikin dunƙulen. Na rubuta wannan a takarda na ajiye tare da kwalin katin.

Abin da na rubuta a kundin nan cewa na kashe zuwa yau, tsakanin data da kibod da kati, ya kai naira 14,200. A mako mai zuwa zan gwada wata hanyar da na gano a makare: gidan Termux yana fitowa a gefen manhajar fayiloli ta Android, saboda haka idan na haɗa wata folda daga can zuwa cikin Debian da `--bind`, zan iya ɗauko takarda in tura ba tare da ta bi ta `fita` ba. Zan fara da takardun darasi kawai. Sautukan tafsiri za su ci gaba da bin tsohuwar hanya har bayan salla, domin malamin da zai riƙa turo su kullum da dare ya riga ya saba da ita.